Tsakanin Malami da Mai Haja: Zancen Makafi Masu Baiwar Kunne

 Maganarmu ta yau a kan waɗansu bayin Allah ce waɗanda aka haɗa musu jarrabawa biyu: ga makanta, ga kuma wata lalura ta ƙwaƙwalwa wadda likitoci ke kira otizim, masu labaran rediyo kuwa sukan ce galahanga. Mai wannan lalura ba mahaukaci ba ne, ba kuma iska ce ta taɓa shi ba. Tun yana ƙarami za ka ga ba ya shiga cikin yara. Magana takan yi masa nauyi, ko ta ƙi zuwa sam. In ka ce masa, "Yaya sunanka?" sai ya mayar maka da "Yaya sunanka?" da irin muryarka. Yakan yi ta kaɗa jikinsa gaba da baya, in kuwa aka sauya masa wurin zama ko lokacin cin tuwo sai hankalinsa ya tashi matuƙa. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya tattara alamunta ya rubuta a 1943, bayan ya duba yara 11.

To, cikin irin waɗannan yara akan sami waɗansu, kaɗan ne ba su da yawa, waɗanda Allah Ya ba wani irin kunne mai ban mamaki. Abin da suka ji sau ɗaya ya zauna ke nan. A ƙasashen Turawa wannan baiwa ta fi bayyana a kan fiyano, watau wani babban akwatin kiɗa mai madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36, ko wane madanni da sautinsa.

Na sani wani malami zai ce, me ya haɗa mu da kiɗan Nasara? Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne. Mafi yawa sun tsananta a kan kayan tsirkiya da na busa, Ibnu Hazmin ya sassauta, Imamu Gazali kuwa ya keɓe wa sauraro littafi guda cikin Ihya'u ya rarrabe halayensa. Ba fatawa na zo bayarwa ba, kowa ya tsaya inda malaminsa ya tsai da shi. Abin da na zo da shi zancen kunne ne, da zancen wanda ya riƙi hannun mai kunnen. Wannan kuwa sana'armu ce, mu da muka tsufa muna biya wa yara karatu.

Mu fara da yadda abin yake. Kai mai ido, in ka ga baƙin zane ka san baƙi ne, ba sai an kawo fari an gwada maka ba. Yawancin mutane ba haka suke da sauti ba, sai an jera musu biyu kāna su ce wannan ya fi wancan tashi. Amma akwai wanda in ya ji sauti guda tak, ko ƙarar ƙofa ce, ko kukan mota, ya san mazauninsa daidai. An saba ƙiyasta cewa cikin mutum 10,000 ɗaya ne ke da wannan. Amma da waɗansu masana a birnin Boston suka bincika makaɗa waɗanda suka makance tun suna ƙanana, suka buga sakamakon a 2004, sai suka tarar fiye da rabinsu suna da shi. Dalili kuwa, sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wanda aikinsa gani ne, ba ya zama banza don ido ya mutu. Ji da taɓawa sukan karɓe shi su yi aiki da shi. Sa'an nan ka ƙara da halin mai otizim: hankalinsa yakan tafi ga sautin magana kansa fiye da ma'anarta, kuma ba ya gajiya da maimaita abu ɗaya. Mu da ke fama da ƙolo ya yi tishin allonsa sau goma kafin ya zame ya tafi wasa, mun san darajar wanda zai maimaita sau ɗari ba wanda ya sa shi.

Yanzu ga labarin mutum biyu, baiwarsu iri ɗaya, hannun da ya riƙe su dabam.

Na farko sunansa Tom Wiggins, baƙar fata, an haife shi cikin bauta a jihar Jojiya ta Amurka a 1849, makaho tun ran haihuwa. A 1850 aka sayar da uwarsa da ubansa ga wani lauya, Janar James Bethune. Shi jaririn, ku 'yan kasuwa, gyara aka yi da shi, don ba wanda ya ga abin saye a jikin makahon bawa. Yana rarrafe a tsakar gida yana kwaikwayon carar zakara da zubar ruwan sama, har ya ji 'ya'yan maigida mata suna koyon fiyano. Bai wuce shekara 4 ba ya hau ya buga abin da ya ji. Yana da 5 ya tsara kiɗa nasa na kansa, yana siffanta hadari da ruwa. Da Bethune ya ga gyara ta fi abin da aka saya, sai ya ba da hayarsa ga wani mai yawo da wasanni, yaro yana ɗan shekara 8. Aka shiga gari gari da shi. A 1860 ya yi kiɗa a fadar shugaban Amurka gaban James Buchanan, a 1866 aka ƙetare da shi Turai. Akan kira wani makaɗi daga cikin 'yan kallo ya buga sabon abu mai wuya, Tom ya zauna ya maido shi, har da kuskuren da mai shi ya yi. Yakan buga kiɗa ɗaya da dama, wani da hagu, yana rera na uku da baki. In ya gama, jama'a suna tafi, shi ma sai ya tashi ya tafa wa kansa, su yi ta dariya. Ba a san sunan lalurarsa ba a zamaninsa, likitocin baya ne da suka karanta siffarsa suka ce alamun otizim ne.

Kuɗin da aka samu a kansa dubban daloli ne ko wace shekara, a zamanin da dala take dala. An hana bauta a Amurka a 1865, amma Tom bai fita hannu ba. A 1870 kotu ta yanke cewa ba shi da hankalin riƙe kansa, ta ba da riƙonsa ga John, ɗan Janar ɗin, watau aka ba kura ajiyar nama. John ya mutu a haɗarin jirgin ƙasa a 1884. Matarsa Eliza, wadda ya cire daga gādo, ta nemo mahaifiyar Tom, Charity, ta sa ta gaba aka yi ta shari'a, har a 1887 riƙo ya koma hannun Eliza. Da buƙata ta biya, tsohuwa ta koma Jojiya hannu wofi, ɗanta ya ci gaba da yi wa wata kiɗa. Ya rasu a 1908. Waɗansu marubuta sun kira shi bawan ƙarshe na Amurka, ban kuwa ga sun yi ƙari ba.

Kada wani ya ce ai ba a koya masa kome ba. An ɗauko masa malaman kiɗa, an biya su. Amma koyarwar irin kiwon ragon layya ce da mai sayarwa ke yi: ana ba shi dusa ne don farashi, ba don ragon ba. An ƙara masa yawan abin da zai buga, ba a ƙara masa kome ba na abin da zai tsaya da shi a duniya.

Na biyu Bature ne na Ingila, Derek Paravicini, an haife shi a 1979 cikinsa yana da mako 25 kacal. Bakwaini ma ya fi shi kwana a ciki. Aka sa shi a kwalba aka yi ta ba shi iskar oksijin don ya rayu. Ya rayu, amma iskar ta yi yawa ta kashe idanunsa, ƙwaƙwalwarsa kuma ta taɓu. Ya girma ya zama babban mutum, sanin dama da hagu da ɓalla maɓallin riga suna ba shi wuya. Mai renonsa ce ta fara ba shi wani ɗan akwatin kiɗa na wasan yara yana wajen shekara 2. Yana kusan 5 aka kai shi ziyara wata makarantar makafi a Landan mai suna Linden Lodge. Da ya ji sautin fiyano daga wani ɗaki sai ya fizge daga hannun iyayensa, ya bi sautin, ya ture yarinyar da ake koya wa, ya hau ya kama bugu. Malamin da ke ɗakin saurayi ne, sunansa Adam Ockelford.

A nan nake so malamai su tsaya su duba, don a nan fa'idar take. Yaron ya koya wa kansa, bai taɓa ganin yadda ake ɗora yatsu ba. Da dunƙulen hannu yake bugu, da gefen tafi, da gwiwar hannu, wani lokaci har da hanci. Sautin daidai, hanyar a karkace. Kuma bai yarda kowa ya taɓa fiyanon ba, in malam ya kai hannu sai ya buge shi. Yaya za ka koyar da wanda ba ya gani balle ka nuna masa, ba ya fahimtar bayani balle ka gaya masa, ba ya son a taɓa shi balle ka kama hannunsa? Malamin bai yi fushi ba, bai kuma ce wannan ya riga ya iya a bar shi haka ba. Sai ya riƙa ɗaukarsa cak ya kai shi can ƙuryar ɗaki ya ajiye, ya dawo da sauri ya buga ɗan wani abu cikin daƙiƙa goman da yaron zai yi yana lalubo hanya. Yaro ya iso, ya ture shi, ya maido abin da ya ji. A sake ɗaukarsa. Sannu a hankali abin ya zama wasa, yaron ya gane wani abu wanda bai taɓa sani ba, watau akwai wani mutum a duniya ban da shi, wanda in ka saurara masa zai kawo maka abin da kake so. Daga nan ya yarda da karɓa-karɓa: kai ka yi, ni in yi. Daga nan ya yarda a kama yatsunsa. Gyaran yatsun nan kaɗai ya ci shekaru, tun ana darasi mako mako har ya koma kullum.

Yana da shekara 9 ya yi kiɗa a babban zauren Barbican a Landan tare da ƙungiyar makaɗa guda. In aka danna masa sauti wajen goma a lokaci ɗaya yakan warware su ya maido. Yakan ɗauki kiɗa ya juya shi ta hanyar da ba a taɓa ji ba, wanda ke nuna ba faifai ba ne shi, mutum ne mai tunani cikin harshen da ya iya. Ockelford ya zama shehun malami a jami'ar Roehampton, ya rubuta tarihin almajirinsa a 2007, tarayyarsu kuwa ta ɗauki shekaru wajen 40.

Mai gardama zai ce, to ai shi ma Derek gaban jama'a ake kai shi, ana biyan kuɗi a shiga, mene ne bambancinsa da Tom? Tambaya ce mai kyau, kuma lalle haɗarin yana nan ko yaushe aka tara mutane kallon mai naƙasa. Amma ni ma'aunina biyu ne. Ina abin da aka samu ya tafi? Kuma shi mai baiwar, ya ƙaru a kansa ko kuwa hajar ce kaɗai ta ƙaru? Derek ta hanyar kiɗa ya koyi jiran wani, ya koyi gaisawa, ya koyi zama cikin mutane, har yakan je gidajen tsofaffi ya buga musu waƙoƙin ƙuruciyarsu in sun roƙa. Tom an bar shi yadda yake, har ma baƙin halayensa sun zama abin tallar wasa, don in ya natsu kamar kowa 'yan kallo za su ragu.

Wata gaskiya kuma, Derek ɗan gidan masu hali ne. Malami guda ga yaro guda, kullum, shekara da shekaru, ba abin da talaka zai iya ba ne. Shi kansa Ockelford ya ga haka, shi ya sa a 1995 ya tsaya aka kafa wata gidauniya mai suna Amber Trust, wadda ke biyan kuɗin darasi da kayan kiɗa ga makafin yara a Ingila. Cikin waɗanda ta taimaka akwai wata yarinya Lucy, makauniya mai irin wannan lalura, wadda a 2023, tana da shekara 13, ta yi kiɗa a tashar jirgin ƙasa ta Leeds aka nuna a talabijin, mutane suka tsaya suna hawaye. Abin da 'yan kallo suka gani minti kaɗan ne. Malaminta kuwa tun tana 'yar ƙarama yake ɗora hannuwanta bisa nasa don ta ji yadda yatsu ke tafiya.

To, mu komo gida. Ƙarfin haddar makaho ba baƙon abu ba ne gare mu. Imamu Shaɗibi, mai ƙasidar nan ta ƙira'o'i bakwai mai baiti 1173, wanda ya rasu a Alƙahira shekara ta 590 bayan Hijira, makaho ne. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne. Waɗannan hankalinsu cikakke ne, harshensu a sake, sun iya neman malami da ƙafarsu su yi tambaya. Wanda nake jin tsoro dominsa shi ne wanda ke da kunnen amma ba shi da bakin da zai ce ga abin da nake so. Irin wannan a garuruwanmu ƙofa biyu aka saba buɗe masa. Ko a kulle shi a ɗaki don kunya, a ce aljanu ne, a yi ta hayaƙi har ya girma. Ko kuwa in an lura yana kwashe waƙar bege daga ji ɗaya, a haɗa shi da ɗan jagora da ƙoƙo, a bi kasuwa kasuwa. Yanzu kuma ga ƙofa ta uku ta zo da wayar hannu: a ɗauki hotonsa yana rerawa a watsa, dubban mutane su ce Allahu Akbar, a aiko da sadaka, ba wanda ya tambayi aljihun wa ta shiga. Bethune ya mutu, amma sana'arsa ba ta mutu ba.

Ga malamai nake cewa, in aka kawo muku irin wannan yaro, ku sani bulala ba ta da aiki a kansa ko kaɗan, sai dai ta rufe ƙofar da kuke nema ku buɗe. Hayaniyar makaranta lokacin da kowa ke ɗaga murya da allonsa, wadda mu muka saba da ita har ba mu ji, shi azaba ce gare shi, don kunnensa ba ya tace sauti, duka yake kwasa. A ba shi lokacinsa dabam, bayan asuba ko in yara sun tashi, wuri ɗaya, sa'a ɗaya, kada a sassauya. Ku kiyaye bakinku gabansa, don zai ɗauki lahaninku kamar yadda zai ɗauki daidanku, kuma abin da ya shiga fitarsa da wuya. In ya maimaita maganarku kada ku ce raini ne, ƙofar ke nan. Ku yi ku tsaya, shi ya yi, kamar yadda Baturen nan ya yi da nasa. Kuma kada saurin haddarsa ya ruɗe ku ku ce an gama. Wanda ya haddace hizifi sittin amma bai iya cewa yana jin ƙishirwa ba, bai iya tsarki da kansa ba, malaminsa bai sauke nauyi ba tukuna. A yi amfani da abin da yake so a jawo shi zuwa abin da yake bukata. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda Suratu Abasa ta sauka a kan sha'aninsa, ladan ne a Madina, muryar tasa ce, amma sai wani mai ido ya gaya masa gari ya waye kāna ya yi kira.

Kada kuma labarin Tom da Derek ya sa a riƙa ɗora wa ko wane makaho mai otizim jarrabawa, a buga masa abu a ce maido, in ya kasa a juya baya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1978 ya nuna wajen ɗaya cikin goma na masu otizim ne ke da wata baiwa ta musamman, masu kai matsayin waɗannan biyu kuwa a duniya duka ƙididdigaggu ne. Sauran taran fa? Haƙƙinsu na a koya musu bai rataya ga su ba mu mamaki ba. Sau da yawa ma sauti mai tsari, ko rerawa ce ko tafi, shi ne abin da ke kwantar musu da hankali ya sa su kula da mai magana, ko da ba za su taɓa zama gwanaye ba.

Ku kuma attajirai, ga inda hannunku zai shiga. Malamin da ke da almajiri 60, ga gona, ga iyali, ba shi da sa'ar da zai keɓe wa yaro guda sai an ɗauke masa wani nauyi. Ujurar sa'a ɗaya kullum ba ta kai abin da ɗayanku ke bayarwa gyara a mako ba. Mutum uku ko huɗu a layi ɗaya na kasuwa sun isa su ɗauki yaro guda da malaminsa shekara biyar, da sharaɗin ba za a fita da shi bara ba. In kuwa baiwarsa ta kai har tana jawo kuɗi, hukuncin a bayyane yake cikin babin hajaru a Muhtasar da sauran littattafanmu: dukiyar wanda ba ya iya riƙe dukiyarsa tasa ce, waliyyi mai tsaro ne, a kansa za a kashe ta. Ku kun fi kowa sanin littafin shiga da fita. A rubuta abin da ya shigo, a sa shaidu biyu waɗanda ba su ci daga ciki, kada mai riƙon yaro ya zama shi ne mai lissafi shi ne kuma mai duba lissafin.

Saura abu guda wanda iyayen irin waɗannan yara ke kwana da shi a zuci, watau wa zai riƙe shi bayan ba mu. Akwai wani makaho mai irin wannan baiwa a Amurka, Leslie Lemke, wanda aka haifa a 1952 da taɓuwar ƙwaƙwalwa, aka cire idanunsa yana jariri. Wata ma'aikaciyar jinya, May Lemke, ta karɓe shi yana da wata 6, ita kuwa ta haura 50. Ta yi shekaru tana koya masa haɗiyar abinci da tsayuwa da tafiya kafin wani dare ta ji yana buga wani dogon kiɗa da ya ji a talabijin. Da tsufa ya ci ƙarfinta, mantuwa ta kama ta, 'yarta Mary wadda ya riga ya saba da muryarta ta karɓe su su biyu, har tsohuwar ta rasu a 1993, riƙonsa bai yanke ba. Irin wannan yaro ba ya karɓar baƙon hannu dare ɗaya. Saboda haka malamin da ya ɗauki ɗaya, tun yau ya zaɓi wani gardi mai haƙuri cikin almajiransa ya riƙa zaunar da shi a gefe lokacin darasi, yaron ya san muryarsa da takunsa, ya san kuma shi ma in ya biya masa daidai yake biyawa.